Yadda ake shirya ranar karrama masu aikin binciken magani a unguwannin Hausawan Legas

Duk ƙwayar maganin da ke kan kantar kemis a Agege ko Mile 12, kafin ta iso nan sai da wasu mutane suka yarda aka gwada ta a jikinsu, wasu kuma suka shafe shekaru suna auna su, suna rubutawa, suna bin su har gida idan ba su zo asibiti ba. Sunan babban likita ne kawai yake fita a jarida. Nas ɗin da ta ɗebi jinin, da mai tafinta, da direban da ya ratsa cunkoson Oshodi da akwatin sanyi, da matar da ta bar sana'arta sau takwas ta zo awo, ba wanda ya san da su. Wannan bayani na masu son gyara hakan ne: ma'aikatan bincike a asibitocin Legas, da shugabannin al'umma, da ƙungiyoyin matasa da na mata da ke son shirya taron godiya da wayar da kai ba tare da sun cutar da waɗanda suke son karramawa ba.

Ranar da aka saba ita ce 20 ga Mayu, wato ranar gwajin magunguna ta duniya. An zaɓe ta ne saboda a watan Mayun 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu ciwon nan na rashin bitamin C da ke kumbura dasashi, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni abu daban. Waɗanda aka ba lemon zaƙi da lemon tsami su suka farfaɗo. Sai dai a Legas Mayu damina ce, kuma wasu shekarun ranar kan faɗo dab da babbar salla, lokacin da 'yan kasuwar raguna da mahautan Oko-Oba ba su da lokacin kansu. A duba kalanda tun daga Maris. Matsar da taron mako biyu ya fi a yi shi kujeru babu kowa.

A fara da rubuta sunayen masu aikin

Kuskuren farko shi ne a ɗauki jerin sunayen da ke kan takardar sakamakon binciken da aka wallafa a mujalla a ce su ke nan. Kowane bincike yana da takardar rabon aiki wadda babban mai bincike ya sa wa hannu, mai nuna wa aka ɗora wa wane nauyi da ranar da ya fara. Daga nan ake farawa. A ciki za a ga mai tsara harkokin binciken yau da kullum, da nas-nas da ungozomomi, da mai harhaɗa magunguna da ke rubuta sanyin firji safe da yamma don kada ya fita daga digiri 2 zuwa 8, da ma'aikatan ɗakin gwajin jini da ke gadin firizar da ke ƙasa da sifili da digiri 80 idan an ɗauke wuta, da masu shigar da bayanai a kwamfuta. Sannan a zauna da mai tsara binciken a tambaye shi: wa ya yi aiki amma ba ya cikin wannan takarda? Nan ne direba zai fito, da mai kula da janareto, da masu shara, da wanda ya fassara takardar amincewa zuwa Hausa da wanda ya mayar da ita Turanci don a ga ko ma'ana ta kauce, da dattijon unguwa da ya zauna a kwamitin tuntuɓar al'umma ba albashi. Akwai kuma waɗanda suke wajen asibitin: 'yan kwamitin ɗa'ar bincike da suka karanta tsarin kafin a taɓa kowa, da kwamitin masana mai zaman kansa da ke duba alƙaluma lokaci-lokaci, wanda yake da ikon ba da shawarar a dakatar da binciken idan ya ga cutarwa.

Ga ma'aikata, godiyar da take amfani ita ce wadda za su iya nunawa gobe. Takardar shaida ta faɗi sunan binciken, da lambar rajistarsa, da ainihin aikin da mutum ya yi, da watannin da ya yi yana yi, da sa hannun babban mai bincike. Wadda aka rubuta "don gudummawa" kawai ba ta sama wa kowa aiki na gaba. A sa sunayensu a sashen godiya na takardar da za a wallafa, amma a nemi izinin kowa a rubuce tukuna, domin manyan mujallun likitanci suna son haka. Wanda ya taka rawa wajen tsara binciken ko nazarin sakamako da rubutu, haƙƙinsa ne sunansa ya hau cikin marubuta, ko nas ce ko ɗan ɗakin gwaji. Kuma idan ana bin binciken bashin alawus na wata uku, a biya kafin a buga katin gayyata. Ba wanda zai ji daɗin allon yabo alhali kuɗin motarsa na hannun wanda ya miƙa masa.

Mahalarta: inda ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya

Waɗanda suka ba da jikinsu su ne suka fi cancantar godiya, kuma su ne karramawa za ta iya yi wa illa. An yi musu alkawarin sirri ranar da suka sa hannu ko suka dangwala yatsa. Idan binciken na ƙanjamau ne, ko tarin fuka, ko rashin haihuwa, ko taɓin hankali, ganin mutum a kujerar mahalarta kaɗai ya tona masa asiri. A unguwa irin Idi-Araba, inda kowa ya san gidan kowa har garinsu na asali, maganar za ta isa Kano ko Sakkwato kafin la'asar, kuma tana iya kashe aure ko hana shi.

Saboda haka a raba abin biyu. Taron jama'a na kowa da kowa ne, ba a kiran sunan mahalarci, ba a ware musu wurin zama, ba a ba su riga ta daban. Godiyar mahalarta kuma a yi ta a keɓe, a asibiti, rukuni-rukuni ko ɗaya-ɗaya, ta bakin nas ɗin da suka saba da ita. Katin gayyata kada ya ambaci ciwon. Kada a buɗe zauren WhatsApp a zuba su ciki, domin kowa zai ga lambar kowa da hotonsa. A yi amfani da jerin aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa, wanda ke ɗaukar lamba 256, tare da tuna cewa saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambar mai aikawa ba. Kafin a kira wayar mace, a duba ko ita ke riƙe da wayar ko maigidanta, da abin da ta ce a faɗa idan wani ya ɗauka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyaye su.

Idan wani mahalarci da kansa ya ce yana son ya tashi ya ba da labarinsa, alheri ne babba, domin maganarsa ta fi ta farfesa shiga kunne. A ba shi wata takardar amincewa ta daban, mai bayyana inda za a sa hoto ko muryarsa, a gaya masa ƙarara cewa abin da ya hau Facebook ba ya dawowa, a bar shi ya kwana a kan shawarar. Kada likitan da ke duba shi ya zama mai roƙonsa, don kunya za ta hana shi cewa a'a.

Duk abin da za a ba mahalarta ko a nuna wa jama'a game da binciken da ke gudana, wato takardar godiya, fosta, saƙon murya, har kyautar da za a raba, sai ya bi ta kwamitin ɗa'ar da ya amince da binciken. Asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, da cibiyar binciken lafiya ta ƙasa NIMR a Yaba, kowanne yana da nasa kwamitin. Galibinsu ba kullum suke zama ba, don haka a miƙa takardu mako takwas kafin ranar, da fassarar Hausa haɗe. Kyauta ta zama ƙarama: gidan sauro, sabulu, kuɗin mota. Da zarar ta kai abin da zai sa talaka ya shiga binciken da da ba zai shiga ba, ta zama sayen amincewa. Don wannan dalilin ne kuma ba a ɗaukar sabbin mahalarta a wurin taron. Wanda ya nuna sha'awa a ba shi lambar waya, ya je asibiti wata rana inda babu idon sarki da liman a kansa.

Mafi girman tukuici ga mahalarci shi ne a dawo a gaya masa abin da aka gano. Sanarwar Helsinki, wadda ƙungiyar likitoci ta duniya ta fara fitarwa a 1964 ta kuma sabunta a 2024, ta ce a ba mahalarta damar sanin sakamakon binciken. A rubuta shafi ɗaya: me aka tambaya, mutum nawa suka shiga, me aka samu, me zai canza a asibiti. A naɗi saƙon murya na minti uku da Hausa don waɗanda ba sa karatun boko. Idan maganin bai yi aiki ba, a faɗi haka, a bayyana cewa sanin hakan ya hana a ɓata kuɗi da lafiyar dubban mutane a kansa. Binciken da bai ƙare ba kuwa, ba a faɗin komai game da sakamakonsa, ko da nas-nas suna ganin kamar ɓangare ɗaya ya fi samun sauƙi. Irin wannan maganar tana sa mutane su fice ko su canza yadda suke ba da rahoton jikinsu, sai aikin shekaru ya lalace.

Taron jama'a

A bi ta ƙofa. A fara gaida Sarkin Hausawan unguwar, a nemi limamin Juma'a da shugabannin kasuwa, a kuma sanar da Baale ko shugabannin Yarbawan wurin, domin taron lafiya da aka ga an yi wa ƙabila ɗaya kaɗai yana jawo tambayar me ya sa. A je da mutum biyu ko uku, har da mace, a kai takardar amincewar kwamitin ɗa'a a hannu. Magana ta zama gajeriya: "Ranka ya daɗe, ba allura muka kawo ba, ba kuma sunan kowa muke nema ba. Mun zo ne mu gode wa mutanenka, mu faɗa musu abin da aka yi da haɗin kansu, su tambaye mu abin da ke ransu."

Lokaci ya danganta da sana'ar unguwa. 'Yan gwari na Mile 12 da asuba suke sauke tumatir da albasa, mahauta da safe suke yanka, don haka bayan la'asar ya fi. Mata sun fi samuwa da hantsi a makarantar Islamiyya ranar Asabar ko Lahadi, kuma zamansu daban da ma'aikata mata ya fi fitar da tambayoyin gaske, musamman kan ciki da haihuwa. Mutum 40 zuwa 60 sun isa zama ɗaya. In sun wuce haka, sai jawabi ya cinye tambaya. Awa ɗaya da rabi: minti 10 na addu'a da gaisuwa, 20 na bayani, 20 na ma'aikata su gabatar da kansu, sauran duk na tambaya. A tanadi rumfa mai jure ruwa da lasifika mai batir.

Gabatar da ma'aikatan shi ne zuciyar taron. Kowa ya riƙo kayan aikinsa ya yi minti biyu. Direba ya buɗe akwatin sanyi ya nuna ƙanƙarar da ma'aunin zafin da ke ciki. Mai shigar da bayanai ta nuna fom ɗin da babu suna a kai sai lamba. Wakilin kwamitin ɗa'a ya faɗi abin da kwamitinsu ke dubawa da lambar da za a kira a kai ƙarar mai bincike.

Abu biyu ake nunawa da hannu, domin gani ya kori ji. Na farko jini. Jita-jitar da ta fi yawo ita ce ana kwashe jinin mutane a sayar. A kawo kwalbar ɗibar jini mai mililita 5, a cika ta da zoɓo, a juye a ƙaramin cokalin shayi a gaban jama'a: cokali ɗaya ne. A gefe a jera ledar fiya wata guda goma, wato lita 5, kimanin jinin da ke jikin babban mutum. Sannan a faɗi inda jinin yake zuwa, da tsawon lokacin da za a ajiye shi, da cewa idan za a fitar da shi ƙasar waje sai da yarjejeniya a rubuce da sanin kwamitin ɗa'a. Na biyu ƙuri'a. A zuba goro fari da ja daidai wa daida a ƙwarya, a rufe da mayafi, mutum goma su sa hannu su ɗauka. Mai fari rukuni ɗaya, mai ja rukuni ɗaya. A bayyana cewa kwamfuta ce ke yin wannan a bincike, don kada likita ya tura masu ƙarfi ɓangaren sabon magani ya ce maganin ne ya yi aiki. Nan ne wurin faɗin gaskiya game da ƙwayar da babu magani a cikinta: ana amfani da ita a wasu binciken, ana gaya wa mutum tun farko, kuma ƙa'ida ba ta yarda a hana majiyyaci maganin da aka san yana ceton rai don a gwada sabo ba.

Maganar Kano za ta taso

Ko ba a kawo ta ba, wani dattijo zai ɗaga hannu ya kawo ta, kuma yana da gaskiyar tambaya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a binciken da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba wani maganin da aka kwatanta Trovan da shi, wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar, aka yi shekaru ana shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Mai amsawa kada ya kare kowa, kada kuma ya ce a manta. Ya faɗi abin da ya faru, sannan ya faɗi abin da mutum zai iya dubawa da kansa yau. Tun 2007 Najeriya tana da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa a ƙarƙashin babban kwamitin ɗa'a na ƙasa, NHREC, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba shi gindin zama. Gwajin magani yana buƙatar izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'a, kuma ana yi masa rajista a fili kafin a ɗauki mutum na farko, a rumbun PACTR na Afirka ko ClinicalTrials.gov, inda duk mai waya zai sa lambar ya gani. A koya wa jama'a tambayoyin da za su yi wa duk wanda ya zo musu da bincike: ina takardar kwamitin ɗa'a, wa ya ba da kuɗin, wa zai biya idan na samu illa, wa zan kira da tsakar dare, kuma in na fasa za a ci gaba da duba ni? Amsar ta ƙarshe dole ta zama e. Wanda ba ya karatu yana da haƙƙin a karanta masa takardar da harshensa a gaban shaidar da ba ma'aikacin binciken ba, ya tafi gida da kwafinsa, ya yi shawara da iyalinsa. Shawarar miji ko uba tana da muhimmanci, amma ba ta maye gurbin amincewar matar da za a yi wa allurar.

Bayan wannan ne misalan alheri suke samun wurin zama, kuma a zaɓi na gida. Binciken WOMAN, wanda aka wallafa a 2017, ya haɗa mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, dubbai daga cikinsu 'yan Najeriya, ya nuna allurar tranexamic acid tana rage mutuwa daga zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an yi ta cikin awa 3. Binciken E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, an yi shi a asibitoci 80 na ƙasashe huɗu. Leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ta zubar, haɗe da ba da magunguna a tare nan take, ta rage mummunan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. A nan Legas kuma, Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas ta jagoranci binciken IVON, inda mata masu ciki sama da 1,000 a Legas da Kano suka taimaka aka kwatanta maganin ƙarin jini na jijiya da na haɗiya. Bayan kowane adadi a cikin waɗannan akwai ungozomar da ta cika fom da ƙarfe uku na dare, kuma ita ya kamata a kira ta tsaya a gaban jama'a.

Bayan an tashi

A sa mutum ɗaya tun farko ya rubuta kowace tambaya da aka yi, ba tare da sunan mai yin ta ba. Wadda ba a iya amsawa a wurin ba, a ce za a dawo da amsa, a kuma dawo cikin mako biyu ta hannun sarki ko malamar Islamiyya. Idan wani ya kawo ƙorafi kan binciken da ke gudana, a miƙa wa babban mai bincike da kwamitin ɗa'a a rubuce, kada a kashe maganar a ƙarƙashin rumfa. In kuma abin da ya faɗa ya shafi mummunar illa ga mahalarci, ƙa'ida ita ce mai bincike ya sanar da masu ɗaukar nauyin binciken cikin awa 24 da saninsa. Hotunan da aka ɗauka a tace su kafin a sa a intanet, a cire duk wanda fuskar mahalarci ko allon sunan sashen asibiti ya fito a ciki. Lambar wayar da aka raba a taron a damƙa ta ga mai jin Hausa, a sa mata kati, a bar ta a kunne aƙalla wata uku, domin tambayoyin da suka fi nauyi ba a gaban mutane ake yin su ba, sai an koma gida.